Kwamfutar Mansur Ta Ƙi Tashi

Silifas ɗin ƙafarta ba iri ɗaya ba ne, ɗaya shuɗi, ɗaya baƙi. Abin da Sufeto Bawa ya fara lura da shi ke nan da ta shigo ofishin 'yan sanda na Bodinga tana haki.

"Ranka shi daɗe, sunana Sa'adatu. An yi sata a shagon da ake buga min kundin gama jami'a. Gobe za a rufe karɓa. In ban kai ba sai baɗi, kuma Baba ya ce ba ni ƙara wata shekara."

Tun farkon wata ta kai wa Mansur mai shagon rubutunta na hannu. Jiya ya ce mata ya gama bugawa, saura fitarwa. Yau ya ce ɓarayi sun shiga, kwamfuta ta ƙi tashi.

Sufeto ya ɗauki kofur ɗinsa suka bi ta. Shagon na bakin tasha. Mansur na tsaye a ƙofa, ya danna hula har goshi. Da ya hango kaki sai ya ce:

"Haba Sa'a, ai da ba ki wahal da su Yallaɓai ba."

Sufeto ya danna maɓallin kunna kwamfutar. Fanka ta juya, kwamfutar ta yi tii, tii, tii, ta ɗan tsaya, ta sake. Allo baƙi ƙirin.

"Wa ke da makulli?"

"Ni kaɗai, Yallaɓai."

"Ga kwaɗonka lafiya lau."

"Ta taga sunka shigo. Ko dai a matsa ma Idi maigadi, shi ka kwana nan."

Sufeto ya leƙa tagar. Yanar gizo-gizo na shimfiɗe tsakanin ƙarafunan, ko zare ɗaya bai tsinke ba.

Aka kira Idi, tsoho mai farin gemu. Ya zo ya durƙusa.

"Wallahi ko ɓera bai gitta ba. Shagon ma ya daɗe shina rufe. Mansur na Kajiji wurin cirar albasa, sai jiya ya dawo."

"Tsufa ne, Yallaɓai," in ji Mansur.

Kofur ya nemo Ummaru mai gyara. Ya canja waya, ya cire na'urar fitar da takardu, kukan bai sauya ba. Sannan ya kwance murfin akwatin ya leƙa.

"Wanga kuka ba na ƙonewa ba ne. Ram take nema, wani ɗan falle kore, bai fi yatsa ba. In babu shi ba ta tashi. Kuma a hankali aka zare shi, ba fizga aka yi ba."

"Aikina fa?" in ji Sa'adatu.

Ummaru ya ce, "Ma'ajiyar da aikin ke ciki na nan, ba a taɓa ba. Sai dai tsohon ram irin wanga ko Sakkwato da wuya a samu."

Ta sulale ta zauna a ƙasa, ta kama gefen hijabinta tana murzawa. "Don Allah a yi wani abu. Ko babi ɗaya in gani."

Sufeto ya dubi janareta da sauran kaya. Wane ɓarawo ne zai bar waɗannan ya tafi da ɗan falle? Ya sa aka bincika aljihunan Mansur da akwatunan teburi. Babu.

Ana cikin haka aka kira azahar. Mazan suka tsuguna a bakin shago da butoci. Da aka zo shafar kai kowa ya tuɓe hularsa ya ɗora a gwiwa, ban da Mansur. Shi ya dafe tasa da hannu ɗaya, ya ɗan cusa jiƙaƙƙun yatsu ta gefe.

"Malam Mansur, alwalarka da saura," in ji Sufeto. "Cire hula."

"Kaina ke ciwo, Yalla..."

"Cire."

Ɗan fallen ya zamo daga cikin hular ya faɗa kan cinyarsa.

Ummaru ya goge shi ya mayar. Kwamfutar ta yi ƙara sau ɗaya, allo ya kawo haske. Sa'adatu ta buɗe kundin. Ga sunanta, ga rabin babi na farko. Daga nan sai farin shafi.

Mansur ya sunkuyar da kai. "Albasa ta nuna, in na bar ta ruɓewa za ta yi. Na ɗauka zan dawo da wuri. Na ce in an ce sata ce malamanta za su yi mata uzuri. Ban zaci za ta kai ƙara ba."

"Shi ne ka so a ɗaure tsoho a banza," in ji Sufeto.

Kofur ya riƙe masa hannu, suka nufi mota.

"Akwai masu buga takardu nan da Shagari," in ji Ummaru a hankali. "In an raba musu babi-babi, wataƙila. Ban yi alkawari ba."

Sufeto na laluben abin da zai faɗa wa Sa'adatu, sai ya ga ta duƙa ƙarƙashin teburi. Ta jawo takardun rubutunta na hannu, ta karkaɗe su, ta rungume a ƙirji. Ba ta dubi kowa ba, ta fita ta nufi layin motocin Shagari.