Labarin da Aka Cire

A kasuwar littattafai ta Timișoara Horia ya fara ganin Ilinca, tana ɗaga wani tsohon kundin gajerun labarai na jiragen sama jannati da baƙin duniyoyi.

"Wannan ya tsufa, 'yammata," ya ce. "Jira namu sabo, ni nake tace shi."

"Babana ne ya rubuta rabinsa," ta ce tana hararar shi. "Sai ka iya bakinka."

Kafin wata uku sun shaƙu. Kullum da safe sai saƙonta ya shigo: "Horia nawa, ka ci abinci kuwa, ko takarda ka tauna?"

Sannan wasiƙa ta iso gidansu Ilinca. Kwamitin kundin ya cire labarin da mahaifinta, Baba Octavian, ya aika, labarinsa na ƙarshe kafin idonsa ya mutu. Horia ya roƙi kwamitin har sau uku, suka ƙi. Amma sa hannunsa ne a ƙasan wasiƙar.

"Gara ki auri likitan haƙorin nan da ke ta zarya," in ji tsohon. "Shi haƙori kawai yake cirewa."

Ilinca ta rubuto: "Na ga sunanka da idona. Ba zan iya barinsa ba, ba shi da kowa sai ni. Ka yafe min."

Horia ya buga waya, ba a ɗauka ba. Ya je ƙofar gidan, ba a buɗe ba. Kundin ya fito, ana ta yabonsa, shi kuwa ko kallon bangon ba ya iya yi. Ya rasa abin da zai yi, sai ramewa.

Bayan wata biyar saƙo ya zo: "Baba na kiranka. Ban san dalili ba. Ina tsoro."

Tsohon ya miƙo masa takardu. "Karanta min. 'Yata tausayina take ji, tana gyara min shi da murya. Kai kuwa ba ka da tausayi."

Horia ya duba, ya ga labarin da aka cire ne, ya karanta. Da ya kai ƙarshe, ya ajiye takardun.

"Kai," Baba Octavian ya ce a hankali. "Ashe bai yi kyau ba."

"Baba, shafin farko..."

"Rufe min baki, yaro. Na fi ka sanin aikin nan." Hawaye ya gangaro masa. Ya laluba ya kamo hannun Ilinca. "Na hana ki farin ciki a kan shafi tara na shirme."

Da bazara aka ɗaura auren a ƙaramin cocin unguwarsu. Da limamin cocin ya ɗora musu kambin aure, Ilinca ta raɗa masa, "Ka rame, Horia nawa."

"Laifin wa?"

A bakin ƙofa tsohon ya dafa kawunansu. "Allah Ya ba ku zaman lafiya da 'ya'ya masu albarka," ya ce. "Kuma don Allah kada ko ɗaya ya zama marubuci."