Ruwan da Ke Gudu a Ƙirjin Jariri

Saura mako biyu Ni'imatullahi ta fara samun horon likitan yara a Kano, malaminsu ya turo ta wani ƙaramin asibiti a gefen Bunkure, bakin kanal ɗin noman rani, don hannunta ya faɗa. Abu biyu ya yi ta nanata musu: jariri ba ya faɗin inda ke masa ciwo, sai likita ya kasa kunne, kuma ba a mayar da uwa da goyo.

Inno, tsohuwar ungozomar asibitin, tata dokar daban ce. "Likita, da rana ta yi ja ki rufe ƙofar baya. Wanda duk ya yi sallama ta wajen ruwa, kada ki amsa."

Ni'ima dariya kawai ta yi. Kai, ƙuruciya!

Ran Laraba, gab da magariba, Inno ta zaga alwala. Injinan ban ruwa suka yi tsit. Warin albasar gonaki ya ɗauke, sai ƙarnin laka.

Aka yi sallama ta baya, a hankali.

Ni'ima ta amsa.

Doguwar mace ce, zaninta sharkaf, ruwa na ɗiga daga goyonta. Ta kwance jaririn ta miƙo. "An ce ke ce mai sauraron ƙirjin yara."

Sanyi ƙalau, kamar randa. Ni'ima ta ɗora shi a sikeli, allurar ko motsi. Ta sa masa abin sauraron ƙirji.

Babu bugun zuciya. Ruwa ne ke gudu a ciki, har da kukan kwaɗi.

"Me kika ji?"

"Baiwar Allah, ban... ban san maganin wannan ba."

"Ai kin amsa."

Ni'ima ta so ta cire abin daga kunnenta, ya ƙi fita. Ruwa ya rufe mata idon sawu. Ya kai gwiwa. Bakinta ya kasa ko da bismillah.

Sai ga kiran salla daga cikin gari. Inno ta banko ƙofa tana Ayatul Kursiyyu, ta fizgo ta waje. Daga bayansu suka ji raɗa: "Tunda kin ji nawa kin kasa, ki yi ta ji."

Da suka leƙa, ɗakin a bushe yake.

Ni'ima ta fara horonta a Kano, kuma wallahi ta iya aiki. Sai dai wani lokacin takan sa abin sauraro a ƙirjin yaro mai wasa da dariya, ta ji ruwan nan yana gudu. Ta yi gwaje-gwaje, ta kira manya, ta yi addu'a har hawaye. Cikin yaran nan ba wanda ya taɓa wuce kwana uku a raye.

Jiya yayarta Barira ta kawo mata jaririyarta, mai sunan mahaifiyarsu. "Ƙanwata, ɗan tari ne kawai. Saurara mini ita."

Ni'ima ta daɗe tana kallon abin sauraron a hannunta. Sannan ta sa shi a kunne.