Dutsen da Yaya ya ɓalle

Ni ba yawon kogo ya kai ni ƙasar mutane ba. Maigidana aka tura kwas, na bi shi da jaririyata, sai yayansa ya maƙale mana wai shi ma zai ga duniya. Yaya mai gyaran famfo ne, kuma irin mutanen nan ne da ba a faɗa musu su ji. Ko gidan biki zai je, da 'yar gudumarsa a aljihu.

Ranar hutu muka fita ƙauye. Gonaki, tumaki, iska mai sanyi, har na fara cewa ashe fitowar ta yi rana. Matar gidan da muka sauka ta karɓi jaririyar ta goya, ta ce mu je mu dawo kafin ta farka. Wani tsoho makiyayi ne ya yi mana jagora zuwa kogon bayan tsauni. Ba ma jin yarensa, maigidana ne ke tsinto mana kaɗan-kaɗan.

A bakin kogon tsohon ya tsaya, ya ɗaga yatsa.

"Ya ce a kalla da ido," in ji maigidana. "Kada a taɓa komai."

"To, mun ji, malam," Yaya ya ce yana dariya.

Rana ta yi ƙasa lokacin da muka shiga. Ciki warin jemagu da danshi. Tun daga nesa muke jin ɗigon ruwa, ɗis, ɗis. Tocila ta haska mana wani farin dutse da ya zubo daga rufin kogon, mai tsini, sumul kamar an goge shi da mai. Daga bakinsa farin ruwa ke ɗiga cikin wani ɗan gurbi mai girman tafin hannu. Gefen gurbin ya lashe, ya yi santsi.

Tsohon ya sunkuyar da kai ya wuce da sauri, maigidana na biye da shi.

"Kin ga yoyo?" Yaya ya raɗa mini. "Ni yoyo ba ya kwana a gabana. Wannan kuma a teburin shagona zai zauna."

"Yaya, don girman Allah, an ce kada a taɓa."

"Ke dai tsoro gare ki, amarya."

Ƙwas! Bugu ɗaya. Ya jefa dutsen a aljihu.

Ɗigon ya tsaya.

Wallahi ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Sai tocilar ta mutu a hannuna.

Can ƙasa, kusa da ƙafata, jariri ya fara kuka.

Duk uwa ta san kukan yunwa. Ƙirjina ya amsa tun kafin in yi tunani, na ji rigata ta jiƙe. Na kira maigidana, muryata ba ta fita ba. Na ji takun Yaya yana gudu, yana karo da duwatsu. Ya bar ni. Namiji guda, ya bar matar ƙaninsa a cikin duhu!

Wani hannu ya dafa kafaɗata. Sanyi ƙalau, yatsun dogaye, har suka kai wuyana.

"Da me zan ba shi?" Muryar mace ce, a cikin kunnena, da harshen da na tashi da shi.

"Ba ni ba ce," na ce. "Ba ni na karya ba."

"Na sani. Amma ke ce mai nono."

Aka ɗora mini abu a hannu. Nauyinsa kamar turmi. Fatarsa kamar jiƙaƙƙen dutse.

Ya kama na hagu.

Sanyi ya ratsa ni har ƙashin baya. Ina ji ana zuƙe ni. Ya tsotse tas, ya saki, ya fara laluben na dama.

Nan na tuna 'yata, tana barci a bayan baƙuwa. Na rufe na dama da tafin hannuna.

"Wannan na 'yata ne," na ce. "Ki kashe ni, amma ba zan ba shi ba. Ke ma uwa ce."

Numfashinta a kan wuyana, yana warin ƙasar kabari.

"Wane ne ya karya?" ta tambaya.

Ban yi jinkiri ba. Na faɗi sunansa, da na ubansa, da sana'arsa.

Hannun ya sake ni. Haske ya bayyana, tsohon ne da fitilarsa, yana jan hannuna yana ta salati da yarensa. Maigidana na bayansa, ya ce minti ɗaya kawai suka juya ba su gan ni ba. A waje muka tarar da Yaya yana haki, ya rantse ya jefar da dutsen a ciki. Ƙarya yake yi, daga baya na gan shi a teburin shagonsa.

Nonon hagu bai ƙara kawo ko ɗigo ba, har yau sanyi gare shi. Da guda ɗaya na shayar da 'yata, tana kuka ina kuka, ta rame har likita ya tsorata. Allah ya raya mini ita.

Shi kuwa Yaya, tun da muka dawo gida ruwa ke ɗiga masa a tsakiyar ka. A ɗaki, a mota, a fili tsakar rana. Ya sauya kwanon gidansa, ya fasa silin, ya bi kowane bututu, bai ga inda yake yoyo ba. Gashin wurin ya zube, fatar ta lotsa ta yi ɗan gurbi mai santsi. Ba ya barci. Ya ce da magariba ta yi, wani abu mai nauyi yake hawa kafaɗarsa ya sa baki a wurin.

Jiya ya zo har tsakar gidana, babban mutum ya durƙusa, dutsen a hannunsa.

"Amarya, ki taimake ni. Ke ta yi wa magana. Ki raka ni mu mayar."

Na dubi 'yata tana wasa a tabarma. Na dubi kansa, ina jin ɗis, ɗis.

"Yaya," na ce, "ai kai yoyo ba ya kwana a gabanka. Tashi ka gyara."

Na ɗauki 'yata na shige ɗaki.