Tsagar da Haske Ya Shafe

Kwanaki ke nan abin ga yana cina a rai. Ko tuwo na kai baki sai in ji kamar ƙasa nike taunawa. Duk wanda na faɗa ma a gari, ko dai ya yi dariya ko ya ƙara mani tsoro, shi ya sa na ce bari in rubuta, ko da yake karatuna bai yi nisa ba. Ku yi haƙuri da rubutun.

Sunana Laraba. A Lahodu anka haife ni, a Wurno nike aure. Maigidana Mode manomin albasa ne, ni kuma tun ina ƙuruciya aikina ware albasa, manya gefe, ƙanana gefe, ruɓaɓɓu a zubar. Tsakanin fadama da kasuwar Goronyo rana ta gama da fuskata. Kumatuna sunka yi baƙi kamar gindin tukunya, goshina ya tattare, fatar ta yi kaushin da ko man shanu ba ya shigarta. Ban taɓa kai ƙara wurin kowa ba. Haka fuskar uwata take, haka ta kowace mace da ke zama bakin buhu.

Ɗiyata Sa'adiya ce ba ta yarda ba. Aikin jinya take yi a wani asibitin fata a Sakkwato, kuma ta daɗe tana yi mani naci cewa suna da na'ura mai gyara fatar da rana ta ƙona. Leza suke ce mata. Ranar da na gaji da musu na bi ta, sai anka shafa mani wani mai da ke kashe fata, anka rufe mani idanu, sannan anka bi fuskar da haske yana ɗiga mata ɗigo ƙanana kamar tsinin allura. Ba duka yake ƙonawa ba, yana barin tsakani, wai don fatar da bai taɓa ba ta taimaki wadda ya taɓa ta warke. Ƙaurin kamar ana babbakar kan akuya. Na dawo gida fuska a kumbure tana raɗaɗi, daga baya ta riƙa zubar da ɓawo kamar dusa. Anka hana ni shiga rana sai da malafa da wani mai na kariya.

Da na koma karo na biyu na warke, ni kaina sai da na daɗe gaban madubi. Matan kasuwa sunka ce Mode ya yi amarya bai gayyace su ba. Shi ko Mode cewa ya yi daga yau sai ya yi sallama sau biyu kafin ya shigo ɗakina. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Mace ce ni.

Akwai wata 'yar tsaga ƙarƙashin idona na hagu, gajera, baƙa, da na tashi na gan ta. Ba ta gado ba ce, don babu mai irinta a danginmu. Hasken ya bi ta kanta kamar yadda ya bi sauran wuri, ta dusashe, sai ka matso kusa kake ganin inuwarta. Ban ɗauke ta komai ba.

Wata Juma'a Sa'adiya ta zo hutun ƙarshen mako. An idar da magariba, sauran ja-ja a gefen sama, ina kaɗa miyar kuka, ita tana wanke kwanoni bakin rariya. Gidan ya yi shiru irin wanda ban saba ji ba. Kaji sun hau kwana babu ko motsi, jakin maƙwabta da ba ya rufe baki shi ma ya yi tsit. Sai dutse ya faɗo bisa kwanon ɗakina. Ya gangaro a hankali, ya faɗi gabana. Na ɗauka. Jiƙe yake, yana warin laka irin ta gindin rijiya, alhali rabonmu da ruwan sama tun kaka.

Na biyu ya faɗo, na uku ya bi shi. Mode ya fita da tocila ya zagaya bayan gida yana zagin 'ya'yan unguwa, bai iske kowa ba. Yana waje na ji an kira ni daga bayan rudun albasa, inda muke ajiyar amfanin rani. Muryar tsohuwa ce, a sanyaye, kamar mai neman akuyar da ta ɓace.

"Laraba."

A gidan nan babu mai kama sunana. Mode Innar Sa'adiya yake ce mani, yara su ce Inna. Tun da uwata ta rasu ban ƙara jin an kira shi haka gatsau ba. Ban amsa ba. Na juya in ce ma Sa'adiya ko ta ji, sai na gan ta tsaye, kwano a hannu, ruwa yana zuba bisa ƙafarta, idanunta a buɗe ba ta ƙiftawa.

Daga ranar, da rana lafiya lau take, ta ci ta sha ta yi waya da abokan aikinta. Da rana ta fara ja sai duwatsu su fara, ita kuma ta miƙe. Ba ta ihu, ba ta duka. Duk macen da ta iske a gidan, maƙwabciya ko mai tallan nono da dare ya kusa riskarta, sai ta kama mata haɓa, ta ɗaga fuskar, ta sa babban yatsa tana shafa ƙarƙashin idon hagu. Ta saki, ta wuce ga ta gaba. Ni ma ta kama ni. Yatsan sanyi ƙalau. Ta shafa, ta shafa, ta dube ni kamar baƙuwa, ta ce ba ita ba ce, ta wuce.

Ɗiyar da na goya ta dube ni ta ce ba ni ba ce. Wannan ya fi duwatsun ciwo.

Munka kai ta asibiti, anka auna jini, babu zazzaɓi babu komai. Sai Mode ya aika Lahodu anka zo da Gwaggo Asta, ƙanwar mahaifina, ita kaɗai ta rage cikin manyanmu. Tana sauka daga mashin ta kalle ni, ko gaisuwa ba ta amsa ba, ta ce ina tsagata. A tsakar gida ta zauna ta ba mu labari. Ashe uwata wabi ta yi ta yi kafin ni, ta haifa su koma, ta haifa su koma. Da anka haife ni, kakata ta ɗauke ni tun ban yi suna ba ta kai ni gindin wata tsamiya kusa da tsohuwar rijiyar gari, ta kira wanzami ya tsaga ni, anka cusa kunkunniya a ciki. Wai alama ce ga masu ɗaukar 'ya'yan, su san wagga an bar masu ita a hannun mutane, su tsare ta, kada su ɗauka. Gwaggo ta ce yanzu na goge, mai tsaron tana biɗata ba ta gan ni ba.

Na ce mata ni ban yi alkawari da kowa ba, jinjira ce ni. Ta ce su ba su san wannan ba.

Mode bai tsaya jin ƙarshen gardamar ba, ya tafi garin Rabah ya zo da Malam Sharfuddeen, mai ruƙiyya, dattijo marar yawan magana. Ya saurari kowa. Ya sa anka share ɗakin Mode, anka shimfiɗa tabarma, mata sunka zauna jikin bango. Kafin ya fara ya kira ni gefe ya ce in zauna cikin mata in rufe bakina, komi na gani. Tunda abin bai gane ni ba, kada in nuna mashi kaina.

Bayan la'asar ya fara karatu. Sa'adiya tana zaune tana murmushin kunya, har tana ce mani a hankali wannan duk ɓata lokacin Malam ne. Inuwa ta yi ta tsawo a tsakar gida. Hasken ƙofa ya koma ja. Dutse ya faɗo bisa kwano, ya gangara, kuma ba mu ji faɗuwarsa ƙasa ba. Sai wuyan Sa'adiya ya lanƙwashe gefe guda, bayanta ya duƙa kamar na tsohuwa mai sanda, muryar nan ta fito daga bakinta.

"Malam, ka bar ƙona ni. Ni ba ɗiyag ga nika so ba."

Malam ya tambaye ta mi take so.

"Laraba nika biɗa. Kun ɓoye ta. Tun tana cikin tsumma nika tsaronta."

Malam ya ce Allah ke tsaron bayinSa, ita ko kanta ba ta iya tsarewa daga aya guda. Ya ci gaba da karatu. Ta yi ta nishi, tana zaginsa da cewa gemunsa bai kai na akuyar kakanta ba. Ta nemi a yanka mata baƙin bunsuru, ya ce ko ƙwai ba za a fasa ba. Ta nemi turare, ya ce babu. Ta bi fuskokinmu da kallo ɗaya bayan ɗaya, ta wuce tawa kamar bango.

"To, in babu Laraba, wagga ta isa. Ni sa mata tawa alama."

Hannun Sa'adiya ya tashi a hankali. Farcen ya sauka ƙarƙashin idonta na hagu, ya fara shiga. Mode ya riƙe hannun da hannuwansa biyu, mutumin da ke ɗaga buhun albasa shi kaɗai, amma hannun bai tsaya ba. Na ga jini ya ɓullo.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Malam ya ɗaga mani hannu, na ƙi gani. Na durƙusa gabanta, na ture mayafina, na kai fuskata dab da tata.

"Ga ni. Ni ce Laraba. Saki ɗiyata."

Hannun ya tsaya. Ta daɗe tana kallona, tana shinshina kamar kare. Sannan ta yi wata dariya ƙasa-ƙasa, ta ce huskar ga ba tata ba ce, wa ya wanke mata kayanta.

Tsoro ya bar ni, haushi ya maye. Na ce mata fuskata ce, Allah Ya ba ni, ba ƙwaryarta ba ce. Na ce tsaron mi ta yi mani? Rana ta gasa ni shekara da shekaru tana ina, ko inuwar tsamiyar tata ta taɓa aiko mani? Da na kwanta naƙudar Sa'adiya har anka fidda rai, ita ta zo ko ungozoma? Na ce ɗiyata ta tausaya mani ta gyara abin da wahala ta ɓata, ita kuwa sai yau ta san da ni, da ta ga na yi kyan gani. Gwaggo tana ja mani zane ta baya, ban saurare ta ba.

Muryar ta ce bakina ya fi na kakata. Ta ce ita ba ta son rigima, a kira wanzami ya maida tsagar inda take, shi ke nan, ba a ƙara jin ɗuriyarta. Malam ya ce ba a ciniki da ita a wannan ɗaki. Ya ɗaga murya da karatu, yana tofawa a ruwa yana yayyafa mata, har ta fara birgima tana cewa ta tuba, za ta fita. Ya sa ta rantse. Ta rantse. Amma kafin ta tafi ta juyo da idanun ɗiyata gare ni.

"Sauran inuwat tsagar na nan, ina ganinki kaɗan-kaɗan. Ran da taɓ ɓace duka, ba ni da masauki sai nan." Ta dafa ƙirjin Sa'adiya.

Sa'adiya ta yi atishawa, ɗan yatsan ƙafarta ya karkaɗa, ta zube. Barci ta yi har hantsi. Tun ranar dutse bai ƙara faɗowa ba.

Yanzu ga inda nike. Malam ya ce aljanu maƙaryata ne, in na yarda anka tsaga ni don ita, na bi umarnin wanin Allah, kuma gobe wani abu za ta nema. Ya ce mu riƙe azkar safe da yamma. Gwaggo ta ce shi Malam gidansa zai koma a Rabah ya kwana lafiya, mu ne za mu kwana da yarinya. Mode kuwa da magariba sai ya ɗauki sanda ya zauna a zaure, ban san wa zai buga ba. Sa'adiya ba ta tuna ko ɗaya. Ta ce gajiya ce da rashin barci, ta manna filasta a kuncinta ta koma aiki. Ta ce in na bari aska ta taɓa ni saboda ita, ba ta ƙara taka gidan nan, kuma saura zuwa ɗaya asibiti a gama aikin fuskata, sun sa mani rana.

Na ce to bari in tsaya tsakiya, kada in koma asibiti, kada a tsaga. Sai ta ce ai ko ban koma ba, fatar da hasken ya taɓa tana ci gaba da sabunta kanta wata da watanni. Gaskiyarta. Kullum da safe inuwar tsagar tana ƙara shiga ciki.

Ni dai zuciyata ba ta yarda in sunkuya ma abin da ya sa farce a fuskar ɗiyata ba. Da ni kaɗai ce, wallahi ta zo mu kwana ɗaki guda. Amma ba a ƙirjina ta ce za ta sauka ba.

Yau da hantsi wanzami ya yi sallama, Gwaggo ce ta turo shi ba da sanina ba. Na dama mashi fura, ya sha, na ce ya ɗauki zabirarsa ya kama hanya, babu fuskar tsagawa a gidan nan. Ya kai bakin zaure na ji bakina yana tambayarsa wace rana yake sake biyowa ta unguwarmu. Ya ce Alhamis. Ita ma Sa'adiya Alhamis ta ce in shigo mota.

Ku da kuka karanta, musamman uwaye masu 'ya'ya mata, don Allah ku faɗa mani gaskiya. In ku ne, ranar Alhamis tasha za ku nufa, ko za ku shimfiɗa ma wanzami tabarma?