Dariyar Tasalla

Ranar kasuwar Jega ce, hantsi ya ɗaga, Naja'atu ta tsaya a bakin wani ɗan shagon tura finafinai a waya ta yi sallama ƙasa-ƙasa. Daga Danwarai ta rako Gwaggonta Delu sayayya, ta faki idonta ta zame. Wayarta ce aka gyara komai ya goge, kuma a cikin abin da ya goge abu ɗaya ne ya hana ta sukuni.

Mai shagon ya ɗago daga kan kwamfuta. Nuraddeen sunansa, dogo ne siriri mai fara'a, irin mutanen da in suka kama zancen abin da suke so sai dai ka nemi kujera. Ta miƙa masa wayar ta ce Tokar Rudu take so, amma ba duka ba, wurin gobarar kawai.

Ai kuwa ta sosa masa inda ke yi masa ƙaiƙayi. Tokar Rudu tsohon fim ne na zamanin kaset, an ɗauke shi shekara ashirin da huɗu da suka wuce a gonakin albasa na Danwarai, har yau kuma manya da yara cewa suke ba a taɓa irinsa ba. Labarin manomi ne da wuta ta cinye masa rudu, wato rumfar kara da ciyawa da ake adana albasa a ciki. Abin da ya ɗaukaka fim ɗin wuri ɗaya ne: wata mata da goyo, ɗankwalinta ya faɗi, ta durƙushe gaban wuta tana kuka.

"Lallai kin san fim," in ji Nuraddeen. "Wagga mata ko sunanta ba su sa ba a ƙarshe, amma ba a taɓa 'yar wasa awa ita ba. Na kalli kukan nan ya fi sau ɗari."

Naja'atu ta sunkuyar da kai. Matar nan Innarta ce, Tasalla, jaririyar da ke goye kuwa ita ce. Kuma ba wasa ba ne. Masu fim sun gina ƙaramin rudu suka cinna masa wuta, iska ta juya ta kwashi wutar ta zuba a kan rudun mahaifinta Malam Surajo na gaske, noman shekara guda ya tafi a gaban ido. Maza na ta jan ruwa, mai kyamara kuwa ya juya kan Tasalla ya ci gaba da ɗauka. Suka ba da haƙuri suka tafi, fim ya fito da kukanta a ciki.

Daga nan Tasalla ta daina zuwa biki da suna, don duk inda ta shiga sai a yi ta nuni, ga mai kukan fim. Shekara biyu bayan haka zazzaɓi ya ɗauke ta. Ba ta bar hoto ko ɗaya ba. Duk abin da Naja'atu ta sani na fuskar uwarta, a wannan kukan ta san shi.

Da ta faɗa masa tun ranar, da an huta. Amma a gidansu ko sunan fim ɗin ba a ambata, kuma ba ta taɓa jin wani ya yabi matar nan ba. Yabon ya yi mata ciwo, ya kuma yi mata daɗi. Shi kuwa da zai miƙo wayar sai ya tambayi lambarta wai ko fim ɗin zai ƙi buɗewa. Fim dai bai ƙi buɗewa ba, amma ta ba shi.

Da la'asar saƙo ya shigo:

"Salamu alaikum 'yar Danwarai. Mai shago ne. Fim ya buɗe? Ni dai tun da kika tafi na tura wa mutum uku abin da ba shi suka nema ba."

Ta yi dariya ita kaɗai a bayan ɗaki, ta rubuta:

"Ya buɗe, na gode. Allah ya ba masu wayoyin haƙuri."

Haka aka fara. Wata shida Nuraddeen yana hawa babur daga Jega zuwa Danwarai duk Asabar, su tsaya a ƙofar gida, Gwaggo Delu na leƙe ta zana tana gyaran murya. Yana kiranta Najata, tana kiransa Nuri. In ya ɗauko zancen Tokar Rudu sai ta kawar da shi da wayo, ta ce a ranta gobe za ta gaya masa. Goben ba ta zo ba har mahaifinta ya aiko ya ce yaron nan ya shigo su gaisa.

Ranar, Naja'atu tana bayan zana da kwanon fura a hannu. Nuraddeen ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa gefen tabarma, ya yi gaisuwa mai kyau. Malam Surajo ya tambayi iyayensa da sana'arsa, ya amsa kai a ƙasa. Komai na tafiya daidai. Sai bawan Allah ya ga ya kamata ya yabi garin surukai, kamar yadda kowane baƙo mai hankali yake yi.

"Baba, ai garinku na da abin da babu wani gari mai shi. Nan aka yi fim ɗin da ya fi kowane. Matar nan mai kuka gaban wuta, kullum sai na tura wa mutane ita. Ta iya wasa, Baba, sai ka rantse da gaske ne."

Kwanon ya suɓuce daga hannun Naja'atu. Malam Surajo ya ce a hankali, "Kullum kana tura ta?"

"Kullum, Baba."

"Tashi, yaro. Allah shi ba ka wata. Ɗiyata ba ta zuwa gidan da aka ci da hawayen uwatta."

Nuraddeen ya fita yana waige, bai san abin da ya taka ba. Da yamma ta zauna ta rubuta masa komai, tana rubutu tana share fuska, tun daga iskar da ta juya har zuwa zazzaɓin. Ta ƙare da cewa:

"Laifina ne Nuri, ni ce ban faɗa maka ba. Jaririyar da kake gani a bayanta ni ce."

Ya kira ta nan take, muryarsa a dishe. Ya nemi gafara har ta gaji da cewa ba komai. Amma mai son abu ba ya sakin sa lokaci ɗaya. Ya ce shi dai abin da ya sani, fim ɗin ya sa mutanen birni da ba su taɓa riƙe fartanya ba sun yi wa manomi kuka, kuma ashe shi ya sa wurin yake shiga rai, don gaskiya ne.

"Gaskiya ce, amma ba a tambaye ta ba," in ji Naja'atu. "In ka ɗauki abin mutum ba da saninsa ba ka kai kasuwa, ko ya yi kyau mi ne sunansa? Sauran fim ɗin fa, ka taɓa jin wani ya yaba? Inna suke yabo, kuma ba su san Inna ba."

Amma akwai abin da ya fi damunta: ba don satar nan ba, da ba ta san fuskar uwarta ba. Ta tsani fim ɗin, kuma ba ta iya kwana uku ba ta kalle shi ba. Ta faɗa masa haka, suka rabu kowa da nauyi a ƙirji.

Daga ranar Nuraddeen ya yi ɗif. Saƙo ɗaya ya turo: "Najata, ki ba ni lokaci." Shi ke nan. Mako ɗaya, mako biyu, mako uku. Gwaggo Delu ta je kasuwar Jega ta dawo ta ce shagon a rufe yake. Wata maƙwabciya kuma, irin masu kawo labari da zafinsa, ta ce an ga babur ɗinsa a Maiyama kusan kullum, a ƙofar wani gida da ke da budurwa mai suna Iklima.

A wannan tsakanin wani Hafizu ya fito neman auren Naja'atu, dillalin albasa mai loda manyan motoci zuwa kudu, ɗan aminin Malam Surajo. Mutumin kirki ne, ba shi da abin kushewa. Malam ya ce mata shi ba ya yi mata dole, in ta so Hafizu to, in ba ta so ba ta zauna, amma wancan dai a cire shi. Naja'atu ta ce a ba ta wata guda. Ta rame, ta daina cin kirki, tana tsintar albasa tana hawaye, Gwaggo na cewa wannan albasa ta bana da yaji take, alhali ta san komai.

Saura kwana huɗu watan ya cika, da safe, sai ga babur a ƙofar gida. Nuraddeen ne, ya yi baƙi ya faɗa, a bayansa kuma wani tsoho mai farin gemu da gilashi mai kauri. Malam Surajo ya ce ba ya fitowa. Gwaggo Delu, da take yayarsa, ta shiga ta ce masa tsoho ne ya yi sallama, kuma a gidan ubansu ba a taɓa barin mai furfura a tsaye ba. Ya fito yana ɗaure da fuska, Naja'atu ta laɓe a inda ta saba.

Tsohon ya durƙusa duk da shekarunsa. Ya ce sunansa Ɗanasabe, daga Maiyama, shi ne ya riƙe kyamara ranar gobarar. An yi ta ba shi yabo shekara da shekaru yana karɓa, bai taɓa iya biyowa ta Danwarai ba. Yaron nan ya neme shi har gida, ya sa shi ya fito da buhunan tsofaffin kaset da suka yi funfuna, ya zauna kusan wata guda yana goge su ɗaya bayan ɗaya da auduga. Iklima kuwa jikarsa ce, abinci kawai take kai musu.

"Baba, na goge Tokar Rudu daga shagona, ba na ƙara tura shi," in ji Nuraddeen. "Ban zo don ka canja magana ba. Wannan naku ne, ni dai na kawo."

Ya miƙa waya da hannu biyu. Gwaggo ta jawo Naja'atu ta zaunar da ita kusa da ubanta.

Hoton yana rawa, launinsa ya koɗe. Kwana ɗaya ne kafin gobarar, Ɗanasabe yana gwada kyamara a gona. Ga Tasalla zaune a inuwar rudu, ɗankwalinta ɗaure tsaf, tana ware albasa, jaririya na barci a bayanta. Ta ɗago ta ga ana ɗaukarta, sai ta fashe da dariya, ta kai hannu ta rufe baki. Ashe tana da wushirya. Naja'atu ta kai yatsa ta taɓa nata haƙoran.

"Malam, ka hana shi mana," in ji Tasalla a cikin wayar, tana dariya. Daga gefe aka ji muryar wani saurayin magidanci shi ma yana dariya, yana cewa ƙyale shi, ai kin yi kyau.

Minti uku ne duka. Malam Surajo ya ce a mayar. Aka mayar. Sau huɗu ana mayarwa, hawaye na bin gemunsa bai share ba.

"Ta ce in hana shi, ni ko na yi dariya," ya ce. "Wanshekare ma ina can ina jan ruwa, ban hana shi ba. Shekara ashirin da huɗu ina hushi da mutane, ashe da kaina nike yi." Ya dubi Ɗanasabe ya ce ya yafe masa duniya da lahira. Sannan ya juya ga Nuraddeen. "Kai kuma, har yanzu wancan shi ne ya fi kowane?"

"A'a, Baba. Na daɗe ina yabon abin da ban sani ba. Wanda ke hannunka ya fi shi."

"To ka turo magabatanka."

Hafizu da ya ji, ya zo da kansa ya yi wa Malam murna, ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Bayan an kwashe albasar rani aka ɗaura aure a masallacin Danwarai, Ɗanasabe na sahun gaba, bai ɗauki hoton kowa ba sai da ya tambaya.

Da yamma, da za a kai amarya Jega, Gwaggo Delu ta kawo ta gaban mahaifinta lulluɓe. Malam Surajo ya ce shi bai iya nasihar mata ba, wannan aikin uwa ne. Ya ciro 'yar wayarsa da Nuraddeen ya sa masa minti ukun, ya kunna, ya ɗora a tafin hannunta. Dariyar Tasalla ta cika ɗakin.

"Ga uwakki nan, haka take," ya ce. "Ki tafi da wagga huska, ki bar waccan. Allah shi yi maku albarka, shi ba ku zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba."

A cikin mota wayarta ta yi ƙara. Ta ɗaga mayafi kaɗan ta duba.

"Najata, ina bakin ƙofa ina jira. Na so in ɗauki hotonki in kin sauko. Kin yarda?"

Ta share ido, ta nemo wurin gobarar da ta yi shekaru tana kallo, ta goge shi. Sannan ta rubuta masa:

"Na yarda, Nuri. Amma ka bari sai na yi dariya."