Sawun da ke kan Titin Asibiti

Ku da ke zagin ramukan titi, ku zauna ku ji labarin Labbo. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Labbo ma'aikaci ne a ofishin gyaran hanyoyi a Birnin Kebbi. Shekarar da damina ta cinye tituna, abin da aka ware titi ɗaya kawai zai gyara: ko na asibitin unguwa a Gwadangaji, ko wanda ya nufi gonar wani attajiri. Bakin Labbo ne zai raba gardama. Attajiri ya yi masa alkawarin kuɗi, shi kuma yana tsoron tonon asiri, sai ya nufi wani boka cikin fadama bayan Argungu.

Bukka ce lulluɓe da tsohuwar komar kamun kifi, ƙashin kifi a rataye, baƙar tukunya tana numfashi kamar mai barci.

Boka ya ce, "Ɗebo min ƙasar titin da za ka yasar. Bakuna su rufe, arziki shi buɗe. Amma duk sawun da ke cikinta nawa na."

"Sawun wa, Malam?"

"Mi ar ruwanka? Ka san masu bin hanya?"

Labbo ya ce, "Ban san su ba."

Da hantsi ya je ya cika hularsa da ƙura, ya kai.

Kwalta ta tafi gona. Labbo ya yi bene, ya yi mota. Titin asibiti kuwa ya fara cin rayuka: yau mai ciki, gobe ɗan acaɓa. Labbo ya ce ƙaddara.

Sai ɗansa Mujtaba ya kwanta, ƙafafu suka bushe kamar kara, ya cika. Ƙanwarsa Ilham ta bi shi. Labbo ya tambayi matarsa, "Hajaratu, kun taɓa bin titin asibiti?"

"Haba Alhaji! Ranar da ka dawo da hula duk ƙura, ba ran nan nik kai su rigakafi ba? Ƙasa munka taka, masu keke sun ƙi shiga don ramu."

Ya ruga wurin boka yana roƙon a cire sawun matarsa. Boka ya yi dariya. "Wa ka tsince gero cikin rairayi?"

Kafin kaka Hajaratu ta bi 'ya'yanta.

Yau in ka bi titin, za ka ga Labbo cikin tsumma da guntun tsintsiya, yana bin bayan jama'a yana share sawunsu. Ramukan suna nan yadda suke.

Ku masu riƙe da amanar hanya, ku ji tsoron Allah. In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.