Fitilun Sabon Gida

"Ki shigo ki gani kawai, Basira. In kin gani, ki tahi."

"Mi zan gani, Baban Saude? Inna na jira na bakin hanya."

"Don Allah... don darajar zaman da munka yi."

Basira ta gyara goyon 'yarta ta bi mijinta Kamilu cikin sabon gidan da ya gina musu a Anka. Yau aka sallamo su daga asibiti, mahaifiyarta kuma ta rantse daga nan sai garinsu Adabka, Basira ba ta sake kwana inuwa ɗaya da Kamilu.

Ya rufe tagogin falon, ya danna makunni.

Kai, an kashe dukiya! Wata fitila mai rassa ce rataye a tsakiya, 'ya'yan gilashi na reto a jikinta kamar 'yan kunnen amarya. Ƙananan ƙwayaye sun nutse cikin silin suna zubo haske fari tas. A bango ga wasu masu siffar fure, ga wata igiyar wuta ta zagaye ɗakin tana juyewa daga kore zuwa shuɗi.

"Daga Gusau na ɗauko su," ya ce. "Na sa sola, ko an ɗauke wuta ba ruwanmu. Akwai ta gefen gado ma, mai hula, irin wadda kika ce..."

Ai kuwa ta ce. Tun suna zance a ƙofar gidansu, ta taɓa gaya masa ta gaji da hayaƙin aci-bal-bal, tana son ɗakin da za a danna bango ya haskaka. Maganar yarinta ce, shi kuwa ya ɗauke ta ya ɗora a ka. Ya bar gona ya faɗa ramin zinari a Sunke. Da ya ga ana sace masa dutse a wurin niƙa, sai ya dinga kawo shi tsakar gida.

"Sau nawa na ce maka kak ka kawo dutsen ga cikin gida?"

"Basira..."

"Turmina ka ɗauka. Turmin da nake daka geron kunun Saude! Na yi magana ka ce mata ba su san arziki ba."

"Wallahi ban san da gubar dalma ciki ba."

"Gari duka an sani. Tun muna yara aka rufe ɗiyan mutane kan abin ga. Kai dai idonka ya rufe."

Ya durƙusa ya kama bakin hijabinta.

"Don ke na yi, rabin raina. Komi na yi don ke na yi."

Wannan ce ta fi yi mata ciwo, don gaskiya ya faɗa. Kuma abin takaici, har yanzu tana son mutumin nan. Da Inna ba ta tsaya kai da fata ba, ita kanta ba ta san me za ta zaɓa ba.

Motsi ta ji a bayanta, Saude ta farka. Shekararta uku, kuma tun ranar da jijjiga ta kama ta ba ta cika magana ba. Likita ya yi musu bayani, amma Kamilu ya ƙi yarda, wai gajiyar ciwo ce, za ta washe.

"Ba ni ita," ya ce. "Bari ta ga ɗakinta."

Ta kwance goyon ta miƙa masa. Ya ɗaga yarinyar sama, dab da fitilar mai rassa, hasken ya cika mata fuska. Ko ƙiftawa ba ta yi ba.

"Uwata, duba... duba abin da Baba ya sawo miki."

Saude ta laluba ta kama gemunsa, ta yi ɗan murmushi.

"Baba, duhu," ta ce. "Kunna hitila."

Kamilu ya sandare. Hawaye suka zubo masa.

Basira ta karɓi 'yarta a hankali ta mayar da ita baya, ta ɗaure zani tamau. Zuciyarta ta gama yanke abin da bakinta ya kasa.

"Za ki dawo?" ya tambaya, da ƙyar.

"Ranar da ta gan su, ka aiko a kira ni."

Ta buɗe ƙofa ta nufi inda Inna ke tsaye da mai babur, yarinyar na ta roƙo a bayanta a kunna mata fitila.